Yadda Na Sayar da Albasar Gumbin Kure a Rabin Hanya

Shekarar nan ta ba ni wuya. Na yi noma, na yi dako, na yi dillanci, na taɓa kwanciya ciwo har aka fid da rai da ni, amma ban taɓa jin tsoro ya zauna mini a ciki ya hana ni haɗiye tuwo ba sai cikin kwana ukun da zan ba ku labari. Ni ba mai karatu ba ne, aji huɗu na yi aka cire ni aka kai ni fadama, don haka ku karanta da haƙuri. Abin da ya sa na zauna rubutawa, na gaji da ganinku kuna shigowa gida rai a ɓace don an kira ku ɗiyan Garba Rabin Hanya a kasuwar Aliero. Ku daina faɗa da mutane a kan sunan nan. Ba ƙarya suka yi mini ba.

Gaskiya ne na ɗauki albasar mutanen Gumbin Kure da sunan zan kai Anacha, na sauke ta a Lakwaja na sayar yadda aka taya. Gaskiya ne motar wani dillali da ta tashi bayan tamu da kwana biyu ta je ta dawo lafiya, ko madubi ba a fasa mata ba, kuma da ribar tafiyar nan ya yi ginin bulo da kuke wucewa ta gabansa kullum. Gaskiya ne Baba Arzika bai sake ba ni ko buhu ɗaya ba har ya bar duniya, kuma mun daɗe a gidan nan nama sai ranar Sallah. Duk wannan kun sani. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da na gani kafin motar ta tashi.

Sana'ata a lokacin ba ta da wani asiri. Manoma su cire albasa da rani, su zuba a rudu, wato ɗakin kara da ake ɗagawa daga ƙasa a yi masa jinka don iska ta riƙa ratsawa, su jira damina ta yi tsakiya kuɗinta ya tashi. Ni kuma in nemo mai saye, in nemo mota, in tsaya a cika buhuna a ɗora, in ci la'adata. Shekara goma sha huɗu ina wannan aiki a ƙarƙashin rumfa ɗaya. Mutum uku ne ƙafafuna. Akwai Baba Arzika na Gumbin Kure, abokin mahaifina Mamman tun suna samari, wanda in ya ba ni albasarsa duk unguwarsu ni za su ba. Akwai Madan Ngozi, 'yar Ibo mai shago a Jega, mu Gozi muke ce mata, ita ke haɗa ni da ƙanenta da ke karɓar kaya a Anacha. Akwai kuma Bawa direba, mutumin Jandutsi, mai tuƙa babbar mota mai bodin katako ta wani Alhaji a Jega. Na san abin da kowannensu ke kawo mini. Ban taɓa zama na tambayi kaina abin da ke hana kowannensu barci ba.

Shekara biyu ke nan da yanke mana jiha daga Sakkwato, kowa na cewa arziki ya zo ƙofar gida. Sai aka yi zaɓen shugaban ƙasa aka soke. Mu a Aliero ba mu ga komai ba sai a rediyo. Ana cewa an ƙone tayoyi a Ikko, ana cewa mutane na kwashe iyali suna komawa garuruwansu, na Kudu su yi Kudu, na Arewa su yo Arewa. Mai ya yi wuya. Amma mu 'yan albasa kunnenmu ɗaya ne, abin da buhu ya kai a Kudu shi kaɗai muke saurare. Kuma cikin watan nan na tsakiyar damina labari ya zo cewa albasa a Anacha ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba tun da aka haife ni. Rumfunanmu suka ɗauki murna kamar an yi ruwan fari.

Ranar farko Baba Arzika ya zo da kansa, abin da bai saba ba. Ya sauka daga bayan a-kori-kura, rigarsa duk taɓo, ko zama bai yi ba.

"Garba, ka jiya abin da albasa tak kai Anacha?"

"Na jiya, Baba. Zamna ka sha ruwa."

"Ruwa ya ishe ni, can nib baro shi shina shiga rudu. Mi kaka jira? Sai ta ida ruɓewa mu ɗura maka ita cikin tulu ka kai musu?"

Aka yi dariya a rumfa, ni ma na yi. Na ce masa jibi mota za ta zo ƙofar gidansa. Na faɗa da ƙarfi don sauran dillalai su ji.

Washegari na hau babur na tafi Jega. Na fara da shagon Gozi. Shekararta ashirin a garin, Hausarta irin ta mutanen Jega ce, har zagin wasa take yi da mahauta. Ta tarbe ni da fara'a fiye da kullum, ta jawo mini benci da kanta.

"Malam Garba, ka makara hwa. Ƙanena ya aiko, yac ce ko mai tsiro ta a kawo, saye za su yi. Yaushe mota za ta tashi?"

"Gobe a yi lodi, jibi da sahe ta kama hanya."

"Kak ka ƙara ko kwana guda. Ka ji? Ko kwana guda."

Na lura shagon ya yi fili. Injin niƙan da ke gefen ƙofa babu shi, sai tabon baƙin mai a ƙasa. Awakinta biyu da ke ɗaure a bayan shago su ma babu. Na gani da idona, amma ban sa a kai ba. Na ce a raina wataƙila gyara ta kai.

A tasha na iske Bawa cikin direbobi suna zaune a inuwar mota. Yawancin motocin a tsaye suke, wasu har ciyawa ta fara fitowa a gindin tayoyinsu, wannan ma na gani na wuce. Da suka hango ni sai ɗaya ya ɗaga murya.

"Bawa, tashi ga maigidanka ya zaka, za shi aike ka gidan surukai."

Wani ya ce, "Ku ƙyale Bawa. Wanga ko lahira anka ce akwai lodi, tambaya za shi yi ko an ba da kuɗin mai."

Bawa ya yi dariya har da buga cinya. Na gaya masa gobe Gumbin Kure, jibi Anacha. Ya ce Allah ya kai mu. Muka yi hannu na tafi cin abinci wajen mai shinkafa. Ina cikin ci hadari ya haɗo daga gabas, sai na tuna ban ce masa ya zo da tamfol biyu ba, don tamfol ɗaya ba ya rufe albasa a irin wannan ruwa. Na koma tasha aka ce ya tafi gida. Da na bar saƙo da shi ke nan, da yau sunana Alhaji Garba. Amma ban yarda da saƙon baki ba a kan kaya, sai na bi shi Jandutsi.

Ban taɓa zuwa gidan Bawa ba. Shekara tara yana ɗaukar mini kaya, sai da na tambayi mutane aka nuna mini ƙofar. Na yi sallama, wata tsohuwa ta amsa daga zaure, tana zaune a kan tabarma tana tsinke rama cikin ƙwarya. Mahaifiyarsa ce. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Kai na mai albasa?"

"Ni na, Inna."

"Ka taɓa zuwa inda kaka aika shi?"

"Ban taɓa ba."

"Ko sau guda?"

Na girgiza kai. Ta ci gaba da tsinke ramarta, ba ta ɗaga murya ba, kamar da ƙwaryar take magana.

"Tun da yad dawo daga tasha shika bin gidaje shina neman gahwara. Ya ɗauki matatai ya kai ta gona ya gwada mata iyaka, nan namu, nan na su wane. Ni ban san Anacha ba, ban san gabas take ko yamma. Amma na san ɗana. Tun da yaf fara tuƙi bai taɓa gwada ma mace iyakar gona ba."

Na zauna a dakalin ƙofar gida har Bawa ya dawo. Da ya gan ni sai ya mayar da fuskar tasha, ya fara wasa, wai ko na zo neman auren ƙanwarsa. Na ce masa ya bar wasan ya gaya mini abin da ya gani a tafiyarsa ta ƙarshe. Ya zauna kusa da ni.

"Maigida, ku kuɗin albasa kuka ji. Kun taɓa tambaya mi as sa tat tashi?"

"Ai damina ta. Kullum tashi taka yi."

"Ba irin wanga tashi ba. Babu albasa can don babu mota can. Daga Lakwaja har nis shiga Anacha ban ga motar Bahaushe ko guda tana tahiya inda nika tahiya ba. Dut dawowa suka yi, cike da mutane da katihu da tukwane. Wuri huɗu samari sunka gicciya icce bisa hanya. Na ga mota ƙonanna gehen titi, irin tawa, ban san ta wa ta ba, ban tsaya tambaya ba." Ya shafa kansa. "Na tuɓe hulata nis sa ƙarƙashin kujera. Na tuɓe riga nit tuƙa da singileti. Ni Bawa. Har nid dawo Lakwaja kaina ba hula."

"To mi ah hana ka hwaɗi a tasha?"

"In hwaɗi ma wa? In nic ce ba ni zuwa, Alhaji shi amshe makulli shi ba wani kahin la'asar. Kuma ka ji bakin mutanen tasha. Ɗiyana shida, maigida. Gara in tahi."

Ku fahimci abin da ya same ni a dakalin nan. Shekara goma sha huɗu ina jin an ce albasa ta tashi, ina murna. A kaina Kudu ba ƙasa ba ce mai mutane da tituna, kuɗin buhu ce kawai, ya hau ko ya sauka. Ba ni kaɗai ba, duk rumfunan Aliero haka muke, har dattawanmu. Ba wanda ya taɓa cewa, in abu ya yi tsada haka to wani abu ya hana shi isa, mene ne shi, kuma wa zai tarar da shi a hanya? Mu muna inuwa muna shan fura. Wanda zai tarar da shi ga shi zaune kusa da ni.

Daga nan ban yi gida ba, na koma shagon Gozi. Na ƙi zama a benci. Na tambaye ta ina injin niƙa, ina awaki. Ta ce ta sayar. Na ce mutumin da kasuwarsa ta buɗe ba ya sayar da injinsa. Ta dube ni, ta leƙa waje, sannan ta tura ƙyauren shago ya rage kaɗan.

"Ba albasa nika so ba, Malam Garba. Mota nika so."

Ta ce motocin fasinja masu zuwa gida sun cika tun daga Sakkwato, ko tsayawa ba sa yi a Jega. Niyyarta ita da 'ya'yanta mata uku su hau saman buhuna su shiga ƙarƙashin tamfol. Motar Bahaushe da kayan Bahaushe, ba wanda zai tsayar da ita a ƙasar Arewa. Na ce mata wa ya taɓa ki a Jega? Ko kallon banza wani ya yi miki? Ta ce babu. Ta ce maƙwabtanta har kuka suka yi, matar mahaucin da ke kusa da ita ta ce ta dawo ɗakinta da zama in tsoro take ji.

"To mi kika gudu?"

"Shekarata tara lokacin da munka gudu na hwarko, kahin yaƙi. Rannan ma da sahe maƙwabta sun gaishe mu lahiya lau. Uwata ta bar tukunya bisa wuta. Mu biyar munka hito gida, mu ukku munka isa." Ta goge fuska da bakin zane. "Na san mutanen Jega ba su yi mani komi. Kaina ya sani. Ƙahwahuna ba su sani ba."

Sai na ce mata, Bawa fa? Ta ce ƙanenta zai tsaya masa a kasuwa, ba mai taɓa shi, za ta rantse da Littafinsu.

"A kasuwa. Bisa hanya hwa, daga Lakwaja zuwa can?"

Ta ce a hankali, daga nan zuwa Lakwaja ita ce mai tsoro, daga Lakwaja zuwa gaba Bawa ne, kuma ita ba ta san yadda za a yi da wannan ba, 'ya'yanta kawai take gani. Ban ji haushinta ba. Na so in ji, don da ya fi mini sauƙi, amma na kasa. Da ni ne da ku a bayana a garin wasu, da abin da zan yi ke nan, ko fiye.

Na hau babur na dawo Aliero da shawara ɗaya a kaina, in fasa tafiyar. In je in gaya wa Baba Arzika hanya ba kyau, a jira ƙura ta lafa. Da wannan niyya na isa Gumbin Kure a rana ta uku da hantsi, kafin motar ta iso.

Tun daga bakin gari wari ya tarbe ni. Wanda bai taɓa jin warin albasa mai ruɓewa da damina ba ba zai gane ba, yana kama maƙogwaro ya bi mutum har cikin riga. Bayan kowane rudu akwai tsibin baƙar albasa da aka tsince aka zubar, ƙudaje sun rufe shi. Mata na zaune a ƙofar gida da wuƙaƙe suna yanke rabin da ya lalace suna shanya sauran a kan tabarma, ga hadari a sama, ba ranar da za ta busar da ita. Gero bai nuna ba, da sauran kusan wata guda. Na leƙa rumbun Baba Arzika da ke buɗe ana shan iska, na ga ƙasansa. Gidan nan mutum ya fi talatin ke ci daga tukunya ɗaya. Sai na gane tsohon nan ba kwaɗayi ne ya kawo shi rumfata da taɓo a riga ba. Shi ma tsoro ne, irin nasa. Kullum da safe yana sa hannu cikin rudu yana fito da abincin jikokinsa ya zama ruwa.

Duk da haka na gwada. Na ja shi gefe na ce, Baba, ana faɗin hanya ba lafiya, ko mu dakata mako biyu?

"Mako biyu? Duba can." Ya nuna tsibin da sandarsa. "Wancan na kwana huɗu na. Kai ubanka bai san tsoro ba, ina kas samo shi?"

"Ba don kaina ba, Baba. Direba nika ji."

"Direba ya ce ba shi zuwa?"

"Bai ce ba."

"To kai wa an naɗa ka uwatai? Ji nan, Garba. Don Mamman nika ba ka kayana, Allah shi jiƙan shi. In ba ka iyawa hwaɗa mani yanzu. Dillalai ukku sunka zaka nan jiya. Buhuna na nan, mota na bisa hanya, wanda dut yat tsaya a ɗora shi na mai kaya."

Nan na ga inda na tsaya. In na janye, ba abin da zai canza sai sunan dillali. Motar dai ita ce, Bawa dai shi ne, Gozi da 'ya'yanta za su hau, kuma dillalin da zai karɓi kayan zai koma rumfarsa ya zauna ya ce sai Anacha. Direba ba shi da ikon sauke kayan mutane a hanya, in ya yi ɓarawo ne. Mai kaya kaɗai ke iya cewa a tsaya nan a sayar. Kuma mai kaya bai taɓa kasancewa cikin motar ba.

Na ce, "A ɗora, Baba. Ni da kaina za ni bi motag ga."

Fuskarsa ta washe. Ya ɗauka zan je ne in tsaya a kan ciniki don kada a cuce su. Ya kira mutane ya gaya musu, ya dafa kaina ya sa mini albarka, ya ce yau na nuna ni ɗan Mamman ne. Ni kuwa na riga na san ba zan bar motar nan ta wuce inda Bawa ya ce a tsaya ba, ko da za a sayi albasar da kuɗin ƙasa. Ban gaya masa ba. Na san in na faɗa zai karɓe kayan a take. Na tsaya na karɓi albarkar tsoho a kan abin da na san ba shi zan yi ba. In kuna neman laifin ubanku a wannan magana, ga shi nan, ba tsoron ba. Na nemi gafararsa sau uku kafin ya rasu. Na uku ya ce ya yafe, amma bangon ɗaki yake kallo.

Aka yi lodi har la'asar. Ban ce wa Bawa komai ba, mutanen gari ma suna ta hidimar buhuna ba wanda ya gaya masa. Ya ɗaure igiyoyi ya tafi da motar Jega ta kwana a tasha. Ni na iso gida rana na shirin faɗuwa. Innarku na tsakar gida tana tankaɗe, ke Hadiza kina goye a bayanta. Na zauna a kan turmi na gaya mata gobe zan bi mota Kudu. Ta ɗauka wasa ne.

"Kai? Malam, kai da ba ka taɓa wuce Yawuri ba? Rannan ma da kad dawo kwana biyu kana amai."

"Da gaske nika yi."

Ta ajiye rariya. Ita ma tana jin rediyo, ta fi ni ji ma, don ni ina kasuwa. Ta ce mutane na gudowa ni zan tafi? Ta ce direba aikinsa ne, an biya shi, ni wa ya aike ni? Na gaya mata maganar tsohuwar Bawa, da ta hula, da ta Gozi. Ta saurara har na gama.

"To kai in sun tare ku, mi za ka yi musu? Hwaɗa ka iya ko Turanci?"

"Ba ko guda. Amma ina iya cewa a tsaya."

"Ɗiyan Bawa shida, naka huɗu. Naka ba ɗiya ba na?"

Ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji tana buɗe kwalla tana rufewa da ƙarfi. Da ta fito ta ɗaura mini ƙuli-ƙuli da garin fura a tsumma ta ajiye a gabana ba ta dube ni ba. Aka kawo tuwo na sa hannu na kasa kaiwa baki. Ban san Lakwaja ba, ban san ko tsoron zai jira mu har can ko zai taro mu tun a Kwantagora. Ban san ko akwai mai sayen albasa mota guda a garin ba. Ban san inda Gozi za ta samu motar mutanensu in mun sauke ta ba. Na buɗe baki zan gaya wa innarku wanda za ta nema a Jiga Birni a kan maganar fadamarmu in ban dawo ba, sai ta ɗaga mini hannu.

"Kak ka soma. In ka soma, wallahi zama nika yi bakin ƙohwa, sai dai ka taka ni."

Na rufe bakina.

Da na idar da sallar asuba na ɗauki ƙullin na fita, maƙwabcinmu ya kai ni Jega a babur ɗina ya dawo da shi. Gari ya fara haske lokacin da na shiga tasha. Gozi da 'yan matanta sun riga sun hau, ina ganin ƙafafunsu ta gefen tamfol. Bawa na gaban mota yana zuba ruwa a lagireto, idanunsa jajur. Ya ɗauka sallama na zo yi, ya miƙo mini hannu. Na wuce shi na kama ƙofar gefen fasinja. Ƙafata ta zame daga matakin, na sake takawa ta sake zamewa. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta yi dariya daga sama, uwarta ta kwaɓe ta.

"Maigida, ina za ka?"

"Inda za ka. Tuƙi naka, kaya nawa. Wurin da dut kac ce mu tsaya, nan nika saida ta. Ni ka amsa tambaya Gumbin Kure, ba kai ba."

Ya tsaya da galan a hannu yana kallona, ruwa na zuba a takalminsa bai sani ba. Sannan ya ajiye galan ɗin ya zagayo, ya sa kafaɗa ya tura ni sama kamar buhu. Na zauna, na ɗora ƙullin a cinya na danne shi da hannu biyu. Na ce masa ya tayar.